Daga Tsakar Kai Zuwa Tafin Ƙafa

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga mahaifinki, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yaran duka. Yaya tarin ƙaramin nan, ya sake shi? Yaya aiki, yaya haƙuri da zaman nesa? Ni dai ina nan yadda kika bar ni, alhamdu lillahi.

Wayar da mijinki ya aiko ta iso, ki yi masa godiya. Tana cikin kwalinta a kan kabad, kuma a nan za ta zauna. Ba raini ba ne. A waya ba kya bari in kai ƙarshen magana, ina cikin shimfiɗa zance sai ki ce tukunya na kan wuta. A takarda kuwa ba mai katse ni. Rubutun nawa kin san shi, a wuyan rigunan mutane na koye shi lokacin da nake sa wa kayan wanki alama, don haka in harafi ya karkace ki miƙe shi da kanki.

Na ji saƙonki, wai in daina zuwa asibitin koyarwa, wai mijinki ya ce abin kunya ne surukinsa ya riƙa tuɓe riga gaban ɗalibai suna kallonsa kamar kayan gwanjo. To bari in ba ki labarin da kika yi ƙanƙanta da riƙewa, ki karanta masa.

Lokacin da ciwon fatar nan ya fara mini, ina wanki da guga, kuma duk layinmu ba wanda ya kai ni fitar da kari a wando. Sai farin ɓawo ya fito mini a gwiwoyi da gwiwar hannu da tsakar kai. In goge baƙin wando tas, kafin in ninke shi ɓawon ya zuba a kai kamar an barbaɗa gishiri. Masu kaya suka janye ɗaya bayan ɗaya. Aka ce kuturta ce. Mai shago ya daina miƙo mini sabulu a hannu, sai ya ajiye a kan kanta ya ja da baya. 'Yan'uwan marigayiya mahaifiyarki har mota suka kawo su tafi da ita, ta ce musu su koma da abarsu. Ban manta da ko mutum ɗaya daga cikinsu ba.

A cikin wannan hali na faɗa hannun Tsohon Likita. Ya kama damtsena da hannunsa tsirara, ya kankare ɓawon da farcensa, ya ce wannan ba ya yaɗuwa, ko jariri na ɗauka ba abin da zai same shi. Ran nan na dawo gida na ɗauke ki. Da ya roƙe ni in riƙa zuwa yaransa suna koyo a jikina, me kike so in ce masa?

A bakinsa na tsinci sunayen da suke kiran abubuwan fata. Dokarsa ita ce ɗalibi ya rufe ido ya shafa tukuna. In yatsa bai ji komai ba, ido ne kaɗai ke ganin launi ya sauya, sunansa makul. In ya yi faɗi ya ɗan taso, samansa a shafe kamar an manna faci, filak ke nan, shi ne irin nawa. In yana da jiki kamar ƙullutu, nodul. In fatar ta buɗe ta yi rami, olsa, abin da mu muke ce wa miki. Dokarsa ta biyu, a fara daga tsakar kai, kada a tsaya sai an kai tafin ƙafa, har tsakanin yatsu. Yakan ce musu fata ba ta ƙarewa a inda riga ta ƙare.

Allah ya jiƙansa. Wanda ya gaje shi ina kiransa Mai Agogo, don idonsa kullum yana kan tsintsiyar hannunsa. Ba mugu ba ne, marasa lafiya ne suka yi masa yawa, amma wannan ba ni na jawo ba.

Ɗaliban yanzu sun gano dabara. Manyansu da suka wuce sun haddace jikina, suka miƙa wa na baya, na baya suka miƙa wa na bayansu, kamar tsohuwar rigar makaranta. Yaro zai shigo ya gaishe ni da ladabi, ya tsaya can nesa kamar mai jiran mota, ya fara zubawa: filak a gwiwar hannun dama, filak a gwiwar hannun hagu, filak a gwiwoyi, ɓawo a ka, ya gama. Auta, na hagun nan ya warke tun kina goyon na biyu. Wurin sumul yake kamar goshin jariri. Ran nan ko hannun riga ban naɗe ba, wani dogo ya kwatanta shi tsaf, har da faɗinsa da launinsa, Mai Agogo na gyaɗa kai.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Wajen alwala na ga wani baƙin abu a tafin ƙafata ta dama, kusa da gindin babban yatsa, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Na ɗauka kwalta na taka, na goge da dutsen kaushi har wurin ya yi zafi, bai fita ba. Na rufe ido na shafa, yatsa bai ji komai ba. Makul ke nan. Kuma ba dangin ciwona ba ne, ba ɓawo, ba ƙaiƙayi.

Na yi wa kaina alkawari ba zan faɗa wa kowa a asibitin nan ba. Ni na kawo fata, su su kawo ido. Zan ga ranar da ɗayansu zai sauka ƙasa da gwiwa.

Ki gaishe da yaran, ki ce kakansu yana nan daram. Ki gaishe da mijinki ma, duk da haka.

Ni ne mahaifinki,
Mai Guga.

*

Zuwa ga Auta,

Sallama da gaisuwa irin ta uba da 'yarsa. Ina fata kowa lafiya a gidan. Na ji daɗi da tarin yaro ya lafa, amma ki daina ba shi ruwan firji, na faɗa miki tun kafin a haife shi. Yaya surukarki da ƙafafunta?

Takardarki ta iso. Na karanta, na sake karantawa, don in tabbata 'yar da na goya ce ke kirana mai taurin kai. Wai kin tambayi maƙwabciyarki ma'aikaciyar jinya, ta ce baƙin tabo a tafin ƙafa ba abin wasa ba ne. Ni ma ai ban ce wasa ba ne. Da wasa ne zan damu a gan shi?

Ki fahimce ni. In na ɗaga ƙafa na ce ga shi, za su duba nawa, su sallame ni. Gobe wani tsoho zai zo da irinsa, wanda bai san makul ba, bai san komai ba, su tsaya masa a gwiwa ya koma gida da abinsa. Amma kar in yi miki daɗin baki in ce don mutane kawai nake yi. Haushi nake ji, Auta. Shekara da shekaru ina zama a kan gadon nan, sanyin fanka na dukan bayana, ashe ba ni suke kallo ba. Wani tsoho suke karantowa wanda ya warke tuntuni. Masu kayan wanki da suka guje ni sun fi su, su aƙalla sun kalle ni kafin su gudu.

Tun da kin tambaya, ga halin da yake ciki. Ya wuce farcen babban yatsan hannu. Bakinsa ba a zagaye yake ba, ya yi kamar biro ta fashe a aljihun farar riga, nan ya miƙe, can ya shige. Launin ma ba ɗaya ba ne, akwai baƙi wuluk, akwai ruwan ƙasa, akwai wani toka-toka a gefe. Tsakiyar kuma ta taso, yanzu yatsa na jinta ko ido a rufe. Gefen yana nan makul, tsakiyar ta zama nodul. Kin ga ni da ban taɓa zama a aji ba na faɗa miki shi daidai.

Kada ki ce ban taimake su ba. Na ajiye rufaffen takalmin da kika aiko, na koma silifas. Na zauna na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, tafin na kallonsu kamar allon talla. Wani mai ƙaramin gemu ya ce, "Baba, ɗan sauke ƙafar mu ga gwiwa." Na sauke masa. Na shigo ina ɗingishi, Sista, babbar nas ɗin wurin, ta ce ƙafar lafiya? Na ce ta tambayi masu karatu. Ta yi dariya ta ce tsufa ne, ita ma haka take tashi.

Akwai wata yarinya a cikinsu da ta fi ba ni haushi. Safar hannu biyu take sawa, ɗaya kan ɗaya, kamar za ta taɓa gawar kare, alhali ko taɓa ni ba ta yi. Kullum tana bayan mutane, muryarta sai ka kasa kunne. Na sa mata Mai Safa Biyu. Ran nan bironta ya faɗi daidai ƙafata. Ta sunkuya, na ce yau dai Allah ya yi, har na ɗan karkata mata tafin. Ta ɗauki bironta ta ce in yi haƙuri.

Sannan ga wani sabon labari da Sista ta tsegunta mini. Daga jarrabawar ƙarshen shekarar nan ba za a ƙara kiran marasa lafiya ba. An sayo wani ƙaton allo irin na talabijin, hotunan fata za a riƙa haska musu. Na ce da ita, shi hoton ana rufe ido a shafa shi? Ta ce, "Baba, hoto dai ba ya yi wa mutane baƙar magana." Haka za a sallame ni, a bakin nas, a tsaye a baranda. Ko kujera ba a ba ni ba.

To shi ke nan. Jarrabawar nan ita ce ta ƙarshe, ni da su. A jarrabawa yaro yana tsoron faɗuwa, tsoro kuwa yana buɗe ido. Zan jira.

Allah ya yi miki albarka, ya rage miki surutu.

Babanki.

*

Auta,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gidan. Lafiyata ƙalau, ban da abin da kika sani.

Direban da ke kawo takardunki ya faɗa mini da baki, wai kin ce in ban nuna ba za ki nemi lambar Mai Agogo ki faɗa masa da kanki. Har direba ya san abin da ke tafin ƙafata, likita bai sani ba. Kin kyauta.

Ki saurare ni. Abin da na rubuta miki, na rubuta wa 'yata ne, ba ɗan sanda ba. In kika kira mutumin nan, zai zo ya duba don wata mata mai waya ta ce ya duba, kuma ni na zama tsohon da ake magana a kansa yana zaune. An yi mini wannan ya ishe ni. Ba zan yi fushi da ke har abada ba, ba zan iya ba, amma wannan ce takarda ta ƙarshe da za ki gani da gaskiya a cikinta. Sauran duk "lafiya ƙalau" za su zama.

Ga gaskiyar, tun da har yanzu muna kanta. Saman ƙullutun ya fashe. Yana ɗan tsattsafo da jini, safa na mannewa, sai na jiƙa ta kafin ta fita. Olsa ke nan. Na koma rufaffen takalmi don kada in ɓata wa masu shara daɓe. Akwai kuma wani ƙullutu da ya fito a matsematsina na dama, mai tauri, ba ya zafi. Ina jin tsoro, in abin da kike so ki ji ke nan. Jiya na zauna ina kallon dutsen gugata, na rasa me nake tunani har aka kira salla.

Jarrabawa ta kusa. Ki bar ni zuwa ranar. Ban taɓa roƙonki komai ba, ko ranar da kika ce za ki bi mijinki can uwa duniya ban ce ki zauna ba. Wannan nake roƙo.

Mahaifinki.

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ke da yaran da ubansu, ina gode miki da kika riƙe bakinki. Na san ya yi miki wuya. Mahaifiyarki ma da ƙyar take iyawa.

Daga gadon asibiti nake rubuto miki, a kan murfin kwanon abinci, don haka rubutun zai fi na kullum muni. Ki zauna kafin ki ci gaba.

An yi jarrabawa. Aka sa ni a ɗakin da aka saba, bayan koren labule, ga gado, ga ɗan tebur, ga kujerun masu ba da maki. Mai Agogo na zaune, kusa da shi wata baƙuwar likita da aka gayyato daga wani asibiti, dattijuwa mai furfura a gira. Yara na shigowa ɗaya-ɗaya, in lokacin mutum ya cika a kaɗa ƙararrawa.

Na ce tsoro yana buɗe ido. Ashe baki yake buɗewa. Ba su taɓa zuba haddar nan da sauri irin na ranar ba. Dogon ya zo, mai gemun ya zo, kowa ya ga filak a gwiwar hannun hagu inda babu shi, kowa ya yi birki a gwiwa. Baƙuwar daga inda take ba ta hango hagun, sai rubutu take. Ni kuwa ƙafa na zugi a cikin takalmi, ina jin safar na jiƙewa. Na ce a raina shi ke nan, Mai Guga, ka ci gardama, ka koma gida da kayanka.

Ta ƙarshe ita ce Mai Safa Biyu. Na ce wannan ma ai ba sai an jira ba. Ta fara kamar kowa, dama, ta faɗa daidai. Ta zo hagu, ta naɗe mini hannun rigar da kanta, ta buɗe baki za ta zuba, sai ta tsaya. Ta kalli wurin. Ta juya hannun ta leƙa bayansa, kamar mai neman abin da ya faɗi. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Nan babu komai." Mai Agogo ya ɗago kai.

Auta, tun rasuwar Tsohon Likita ba wanda ya faɗi gaskiya a kan hannun nan sai ita. Amma da ta zo gwiwa ita ma ta tsaya, ta ce ta gama. Iyakar abin da aka nuna mata ke nan. Na dube ta, na ga akwai ido a wurin, hanya ce ba a taɓa kai shi ba.

Ki rubuta ki ajiye, ban karya alkawarina ba. Bakina bai ambaci ƙafa ba. Takalmi ne ya matse ni, na sunkuya na cire. Safar ta manne, na fizge ta, na ɗora ƙafar a kan teburin, kusa da takardun baƙuwar.

Mai Agogo ya yunƙura zai tashi, dattijuwar ta riƙe masa hannun riga ta ce ya zauna, jarrabawar yarinya ce. Yarinyar kuwa ta daskare. Ba wanda ya haddace mata wannan. Na ce, "'Yata, ba ya cizo. Rufe idonki ki fara daga gefe."

Ta cire safar hannu ɗaya ta bar ɗaya. Ban ji haushi ba, miki ne, ko Tsohon Likita sai ya sa. Ta rufe ido ta bi gefen da yatsa. Sannan ta buɗe ta fara magana, ba irin zubar nan ba, kalma ɗaya sai ta tsaya ta sake dubawa. Ta ce gefen a shafe yake, makul ne mai faɗi. Ta ce bakinsa ba daidai ba ne, launinsa ya kasu. Ta ce akwai nodul a tsakiya, a kansa akwai olsa mai jini. An kaɗa ƙararrawa, ba wanda ya motsa. Sai ta ɗago ta kalle ni a ido, ta ce, "Baba, ka yarda in duba matsematsinka?" Wannan ni ban nuna mata ba, ban ko yi ishara ba. Da ƙafarta ta je. Ta taɓa ƙullutun, ta juya ta faɗa musu, muryarta a sarari, har na bayan labule sai ya ji.

Bayan an fitar da ita Mai Agogo ya durƙusa a daɓe da fararen kayansa, ya riƙe ƙafar ya daɗe yana kallo. Ya ce tun yaushe? Na faɗa masa. Ya ce me ya hana ni magana? Na ce duk zuwan da nake yi da ita nake zuwa, ban taɓa barinta a gida ba. Na shirya ya yi musu, na tanadi maganganu tun daga gida. Bai yi ba. Cewa ya yi, "Gaskiyarka, Baba. Amma ƙafarka ce."

Sun yanki ɗan nama sun kai gwaji, sakamako ya fito. Ciwon daji ne na fata. Za su yanke gaban ƙafar, yatsun duka da abin da ke bayansu, su bar mini diddige, su kuma cire ƙullutun matsematsi. Ya ce da tun yana makul ne, ɗan wuri kaɗan za a ɗebe a ɗinke, in taka in tafi gida. Na faɗa miki don kada ki ji a bakin wani. Kada ki rubuto mini "ai na faɗa maka". Na san kin faɗa, takardun suna ƙarƙashin matashina.

Na kafa musu sharaɗi kafin in sa hannu: duk ɗaliban nan sai sun zo sun gani kafin wuƙa ta taɓa shi. Jiya suka yi layi har baranda, kowa ya sunkuya. Dogon nan ya kasa haɗa ido da ni. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, filak ɗin da ya gani a hagu ma ina nan ina nemansa.

Ba sai kin zo ba. Hanya da nisa, ga yara, ga makaranta. Sista na kula da ni, duk da bakinta. In kuma kin ƙi ji, kamar yadda kika saba, ranar Talata mai zuwa za a shiga da ni, kuma makullin ɗakina yana wurin mai shagon ƙofar gida. Ba wancan mai ajiye mini sabulu a kan kanta ba, ɗansa.

Ki yi mini addu'a, ki sa yaran su yi.

Mahaifinki,
Mai Guga.

*

Zuwa ga Auta, 'yar albarka,

Sallama mai yawa. Ina fata kun isa gida lafiya, kun sami yaran lafiya, kuma gajiyar hanya da ta jinya ta sake ku. Ɗakin ya yi mini faɗi tun tafiyarku. Kin sauya wa dutsen gugata wuri, na mayar da shi inda yake.

Ki ce da mijinki na gode. Mutumin da ya ce ina ba shi kunya shi ne ya goya ni a bayansa daga bakin titi har kan katifa, maƙwabta na kallo. Ban manta maganar kayan gwanjo ba, amma na ajiye ta kusa da wannan, ina duba su tare.

Ƙafa na warkewa. Na fara takawa da sanda, daga ƙofa zuwa famfo. Takalmin da kika saya ina cusa tsumma a gaban na daman, in na tsaya ba mai cewa akwai abin da ya ragu. Wani lokaci babban yatsan da babu shi yakan yi mini ƙaiƙayi, in kai hannu in sosa iska. Mai Agogo ya ce za a ci gaba da duba ni a kai a kai, kuma bai yi mini alkawarin komai ba. Na fi son haka. Abin da Allah ya rubuta shi zai zo, amma in ya zo zai tarar ana kallo.

Allon hotunan ya iso, an kafe shi a bango, ƙato kamar ƙofa. Ni ma ina nan, ba a sallame ni ba. Mai Agogo da kansa ya zo bakin gadona ya ce in ci gaba da zuwa, kuma a zaune ya faɗa. Mai Safa Biyu ta ci jarrabawarta. Ta leƙo ta gaishe ni, ta miƙo mini hannu ba safa ko ɗaya. Sunan dai ya riga ya bi ta.

Wayar na fitar da ita daga kwali, tun da kin sa ni rantsuwa. Ki kira, amma ki sauke tukunyar tukuna.

Yanzu ga abin da zai ba ki dariya, ko haushi. An kawo sababbin ɗalibai. Ranar farko yaro ya shigo, ya gaishe ni da ladabi, ko fuskata bai gama kallo ba ya zube ƙasa ya kama takalmina. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Manyansu sun miƙa musu sabuwar hadda: tsohon nan, ƙafa ake fara duba masa. Yanzu kowa ƙafa, kowa tsakanin yatsun hagu, kowa matsematsi. Daga cibiya zuwa sama kuwa ko oho.

Auta, filak ɗin gwiwar hannun hagu ya dawo. Ya yi faɗin murfin kwalba, da farin ɓawonsa, kamar bai taɓa tafiya ba. Kada ki tashi hankalinki, tsohon ciwona ne, kuma na nuna wa Mai Agogo tun ranar da na gan shi, don rantsuwar da kika sa ni ta haɗa da wannan. Ya duba, ya ba ni man shafawa.

Amma rantsuwar ba ta haɗa da yara ba. Na hana shi faɗa musu, na hana Sista. Gobe zan sa rigata mai dogon hannu, in ɓalle maɓallin har wuyan hannu, in hau gadon nan in zauna. Zan ga wanda zai naɗe.

Ki shafa mini kan yaran.

Ni ne mahaifinki, da ƙafa ɗaya da rabi,
Mai Guga.